Ruwa Ya Janye a Morogoro

Morogoro,
4 ga Maris.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Shikamoo, Mama, na riƙe ƙafafunki. Tatu, ki dakata ta amsa da marahaba kafin ki ci gaba da karanta mata. Kuma ki zagaya ta kunnenta na dama, wanda yake ji. Na san halinki, ƙanwar banza, sai ki zauna ta hagu ki karanta wa iska, gobe Mama ta ce 'yarta ta daina gaisuwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gwiwar nan taki, tana barinki ki yi sallah a tsaye? Ya gonar teku? An ce zafin bana ya ƙona wa mata mwani da yawa, ciyawar tekun nan da kuke nomawa, Allah ya sa igiyoyinki sun tsira. Mu nan lafiya lau. Makame yana gaida surukarsa. Takwararki Miza ta shiga aji uku, sai iyayi. Pandu ya fasa kofi na huɗu. Riziki kuma haƙora biyu sun fito, duk a jikina take gwada su.

Mama, an sa ranar jarrabawa, sha biyu ga Mayu. Kin san sau biyu ina zama ina faɗuwa. Abin da ban gaya miki ba shi ne, makarantar sau uku kawai take bari. In na faɗi wannan, maganar zama ungozoma mai takarda ta ƙare. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina miƙa almakashi, ina riƙe tasa, ina goge ƙasa a ɗakin haihuwa. Yaran da na koya wa naɗe jariri su ne yau suke cewa, "Yaya Kazija, ɗan kawo mana ruwan zafi." Ina kawowa da fara'ata, amma Allah ya sani abin yana ci mini rai.

Ba karatun ne ba na yi ba. Littafin kullum yana hannuna, har warin albasa yake yi. Sai dai in karanta layi ɗaya, wake ya kama. In sauke wake, Pandu ya shigo duk laka. In wanke shi, waya ta yi ƙara, matan wurin aiki suna rigimar ankon biki. In dawo, in sake karanta layin nan dai. Shafi na arba'in da bakwai ya san ni na san shi, mako biyu muna kallon juna.

Ranar Talata sau uku na zagaye gidan nan ina neman Riziki, har bayan tankin ruwa na leƙa. Maƙwabciyata Maman Neema, mai suyar fanken maandazi, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Maman Miza, wadda ke bayanki fa, aro kika yi?" Ashe yarinya tana goye tana barcinta.

Na bi shawarar wata mata a waya, mai gida fes kamar ba a taɓa haihuwa a cikinsa ba. Ta ce a rubuta tsarin yini a takarda a manna a bango. Na rubuta, har da biro kala uku. Pandu ya ɓamɓare ya yi jirgin sama da shi. Ta ce a tashi kafin asuba. Na tashi, na kifa goshi a kan littafi, sai kiran sallah ne ya farkar da ni. Makame ya dube ni ya ce, "Maman Miza, yau ta goshi ilimin ya shiga?"

Maman Neema ta ce in riƙa turo mata yaran da yamma. Na yi godiya na ƙi. Yaya za a ce 'yar Bi Miza, wadda ta riƙe bakwai ita kaɗai Baba yana can cikin jirgin kamun kifi, ta kasa riƙe uku?

Shi ya sa na zo gare ki. Yaya kika yi, Mama? Ga mu, ga gona, kuma ban taɓa jin tukunyarki ta kama ba. Ki gaya wa Tatu ta rubuto mini, ko zagi ne ina so.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa shafa man kanumfarin nan a gwiwa.

'Yarki,
Kazija.

Morogoro,
22 ga Maris.

Mamana,

Shikamoo. Ina fatan ruwan saman da aka fara bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Tatu, sannu da aikin rubutu, ko da yake rubutun naki har yanzu tafiyar kaza ce.

Ƙunshi ya iso. Busasshen kifin ya ƙare a kwana biyu, Makame ne ɓarawon. Amma da na ga abin da ke ƙasa sai da na zauna. Shuɗiyar kangarki, zanen nan naki na shiga teku! Ta koɗe, gishiri ya sa ta yi tauri, amma da na kai ta hanci sai ga ni a gida.

Tatu ta rubuto maganarki yadda kika faɗa, ba ta rage ko gishiri ba: "Ki ce mata ni ban taɓa yin aiki biyu ba. Teku awa uku take ba mu in ta janye, ba ta ƙara minti ɗaya don ɗan wata ya yi kuka. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu." Makame ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi ba, don na gane.

Na tuna yadda kike yi. Da ruwa ya fara ja baya, sai ki ɗaura kangar nan, ki ɗauki igiyoyi, ki bi sahun mata ku yi nisa har ku zama ƙanana. Daga wannan lokacin babu Mama. Ko me muke so sai ruwa ya dawo. Kina sunkuye kina ɗaura mwani a jikin igiya, kin ba mu baya. Zan faɗi gaskiya, ina ƙarama abin yana yi mini ciwo. Amma yau na ga amfaninsa.

To, na kawo teku Morogoro. Ina tasowa daga aiki ƙarfe biyu, in ci da yara, in yi wanki, in yi la'asar. Ƙarfe huɗu in ɗaura kangarki, in jefa waya cikin garwar shinkafa in rufe, in shiga ɗakin ajiya in ja ƙofa. Teburin na juya shi yana kallon bango. Na tara yara na ce musu, "In kun ga wannan zanen a jikina, ruwa ya janye, Mama tana cikin teku. Ba a kira, ba a ƙwanƙwasa, sai agogo ya kaɗa shida ruwa ya dawo." Riziki lokacin barcinta ne, in ta farka Miza ta ɗauke ta.

Pandu ya leƙa ɗakin ya ce shi bai ga kifi ba. Makame ya ce, "Teku a Morogoro, gari mai duwatsu? Bari in nemo miki kwalekwale." Miza kuwa, ke ce sak. Ta ɗauki abin da gaske. Shekaranjiya mai sayar da gawayi ya yi sallama, na ji ta daga ciki tana cewa, "Ka dawo anjima, Mama tana teku." Mutumin ya tafi yana waiwaye.

Mama, abin yana aiki! Awa biyun nan sun fi mini yini guda na dā. Na wuce shafi na arba'in da bakwai, ko sallama ban yi masa ba. Ina na ɗari da tara yanzu, kuma abin da na karanta yana zama. Da safe a wurin aiki wata sabuwar ungozoma ta rikice wajen lissafin watannin ciki, ni na gyara mata a hankali. Ta kalle ni sau biyu.

Allah ya bar mana ke. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Kazija.

Morogoro,
10 ga Afrilu.

Mama,

Shikamoo. Ina fatan kuna lafiya. Tatu, ki karanta wannan a hankali, ki fara gaya mata kowa yana raye.

Miza ta ƙone a hannu. Laraba ne. Na ɗora wake kafin in shiga ɗakin ajiya, na manta ban rage gawayi ba. Ruwan ya tafaso yana zuba, ta ji tsoro kada ya kama, ta sa tsumma za ta sauke. Tukunyar ta fi ƙarfinta, ta karkace a hannunta na hagu, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu.

Ba ta yi ihu ba, Mama. Ta tsoma hannun a bokitin ruwa yadda na taɓa koya mata, ta jawo bokitin har ƙofar ɗakin da nake, ta zauna. Ban ji ta ba. Ina can na ba ƙofa baya ina haddace alamomin naƙuda. Da agogo ya kaɗa na buɗe, sai na gan ta a ƙasa, hannu cikin ruwa, ta cije leɓe har ya fashe, Pandu yana riƙe da rigarta. Fiye da rabin awa tana nan.

Na ce, "Miza, me ya hana ki kira ni?"

Ta ce, "Ruwa bai dawo ba, Mama."

A asibitinmu aka wanke aka ɗaure. Sun ce bai yi zurfi ba, amma zai bar tabo. Makame ya ɗauke ta a kafaɗa har gida. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shekararta tara. Na ɗora mata gida da jaririya da wuta, na kuma hana ta kira, don in zama wata aba. Akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba, yau zan faɗa, ki yafe mini. Sau da yawa na tsaya a bakin teku ina kuka ina kiranki, ba ki waiwayo ba. Na girma da abin a raina. Na yi wa kaina alkawarin 'ya'yana ba za su taɓa kallon bayana haka ba. Ga shi na yi wanda ya fi.

Na haƙura da jarrabawar. Masu riƙe tasa ma mutane ne. Na wanke kangarki na ninke, ga ta nan tare da wasiƙar. Na gode, ba laifinta ba ne.

'Yarki,
Kazija.

Morogoro,
25 ga Afrilu.

Mahaifiyata, mai gaskiya ko da ɗaci,

Shikamoo, Mama, sau uku. Ya jiki, ya mutanen gida? Hannun takwararki yana warkewa, sabuwar fata ta fito, har ta fara nuna wa ƙawaye tana alfahari. Tatu, na ji kin sha mafici a ka saboda kin so ki sassauta maganar Mama. Sannu, ni ya kamata ya samu.

Kanga ta dawo, ga kuma wani tsohon jan ƙyalle a naɗe a cikinta. Na karanta saƙon sau biyar. "Ki ce wa sakaryar nan rabin karatu ta ɗauka. Wa ya gaya mata ni kaɗai na riƙe su? Rogon da Bi Mboja take gasa musu a gindin kwakwa, daga sama yake faɗowa?"

Wallahi, Mama, ban sani ba. Na ɗauka ƙawar nan taki Bi Mboja son yara ne kawai yake zaunar da ita. Ashe ku shida ne, duk janyewar ruwa ita take zama a gaɓa da yaran kowa, ku biyar ku ɗaura mata igiyoyinta. Ashe doguwar gorar nan da ke jingine a kwakwa ba ta shanya ba ce, ta ɗaga jan ƙyalle ce in wani abu ya faru. Kika ce ba a shiga teku sai an bar ido a tudu. Ni na shiga, na bar yarinya da wuta.

Amma inda na ajiye takardar na yi kuka shi ne inda kika ce, "Mai sunkuye ba ta waiwaye, ta ƙarƙashin hammata take kallo. Ban taɓa gama igiya ɗaya ban duba gaɓa ba. Kukan rigima na san shi, kukan ciwo na san shi. Ita dai bayana take gani." Sannan labarin ranar da zazzaɓi ya sa ni jijjiga ina shekara huɗu, Bi Mboja ta ɗaga ƙyallen, kika bar buhu uku ruwa ya tafi da su, kika sheƙo ba takalmi a kan duwatsun teku masu kaifi. Tabon nan na diddigenki, Mama. Kullum muka tambaya sai ki ce tsautsayi ne, mu tashi mu ba ki wuri.

Washegari na sa mayafi na shiga gidan Maman Neema, kunya kamar in nutse. Tana tsaye a kan kasko ta ce, "Iye, yau 'yar teku ta gano ƙofata? Da girman kai ake dafa wake?" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me? Zauna ki ci maandazi, kin rame kamar igiyar shanya." Mun daidaita. Huɗu zuwa shida yarana suna tsakar gidanta. Ni kuma Asabar ina kwaɓa mata fulawa, Lahadi in riƙe mata tagwayenta ta je coci a natse. Ta ce rabonta da jin huɗuba daga farko har ƙarshe tun kafin ta haife su. Tukunyar yamma Makame ya karɓa da bakinsa. Tuwon ugalinsa ko an jefi kare da shi sai ya yi ƙara, amma muna ci muna yabawa.

Teburin na juya shi. Yanzu taga yake kallo, daga inda nake ina hango tsakar gidan Maman Neema. Na ɗaura jan ƙyallen a sanda na ba Miza. Na ce mata, "Wannan na kakarki ne. Duk lokacin da kika ɗaga, zan zo. Ko mene ne, ko ina tsakiyar layi." Ta karɓa ta riƙe gam.

Ranar farko, ko minti ashirin ban yi ba, na gama shafi na ɗago kai, sai ga ja yana kaɗawa a saman katanga. Ban san lokacin da na fita ba. Kujera ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa, na faɗa gidan Maman Neema ina haki. Kowa lafiya. Riziki tana cin ƙasa, Pandu yana kokawa da tagwaye. Miza tana tsaye da sanda a hannunta mai lafiya.

Na ce, "Mene ne? Ina ne?"

Ta ce, "Ba komai. So nake in ga ko za ki zo."

Na durƙusa na rungume ta, muka daɗe a haka. Maman Neema ta juya tana ta faɗa da kaskonta, wai hayaƙi ya shiga mata ido. Sai Miza ta ture ni ta ce, "To koma, ruwa zai dawo ba ki gama ba." Tun ranar ba ta sake ɗagawa ba. Ni kuma duk ƙarshen shafi sai na duba.

Saura kwana goma sha bakwai. Zan zauna, Mama.

'Yarki mai rabin karatu,
Kazija.

Morogoro,
19 ga Yuli.

Mamana,

Shikamoo. Ya sanyin bana, ya gwiwa, ya Bi Mboja? Ki ce mata akwai kanga sabuwa da turare suna tafe, kuma ina jin kunyarta, shekara talatin ban ce mata na gode ba.

Ban ba ki labarin ranar jarrabawa ba, tsoro ya hana ni sai sakamako ya fito. Da safen Miza ce ta ɗauko kangarki ta ce in ɗaura ta ciki, ƙarƙashin riga. Awa uku aka ba mu, daidai abin da teku take ba ku. Tambaya ta biyu daga shafi na arba'in da bakwai ta fito, tsohon abokina. Ina cikin rubutu, ashe duk na gama amsa sai in sunkuya in leƙa ta ƙarƙashin hannu. Mai tsaron jarrabawar ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Baiwar Allah, me kika ajiye a hammata?" Na ɗaga hannu ya duba, na ce yarana nake dubawa. Ya girgiza kai ya wuce.

Tatu, yanzu ki matsa sosai. Ki sa bakinki a kunnen dama, ki ɗaga murya yadda har matan da ke cikin ruwa za su ji.

Mama, na ci.

Jiya aka kafe sunaye. Maman Neema ta yi guɗa har mai gawayi ya leƙo. Makame ya ce shi tun farko ya san akwai teku a Morogoro. Miza ta nemi a bar mata jan ƙyallen, ta ce ita ma wata rana za ta ba wata.

Muna tafe hutun makaranta, ni da yaran. Kada ki wahalar da kanki da girki. Tun ina yarinya nake ce miki na riƙe ƙafafunki, a baki kawai. Wannan karon ki zauna a tabarma ki miƙo mini diddigen nan, da hannuna nake so in riƙe shi.

Ki huta lafiya, Allah ya ƙara miki nisan kwana.

'Yarki,
Kazija, ungozoma.